Cindo da Layin Biro

A Tungar Marke, gab da bakin fadama, akwai wani magidanci ana ce masa Cindo. Ba malalaci ba ne, ba kuma mugu ba. Aibinsa ɗaya: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa ce mai hankalin gidan. Suna da 'ya ɗaya, Uwani, mai shekara huɗu, wadda jininta bai haɗu da na sauro ba. In ya ciji yaran maƙwabta, ɗan ƙurji ne ya wuce. In ya ciji Uwani kuwa, wurin ya tashi kamar ƙosai, ya yi ja, ya ɗau zafi, ta yi kwana uku tana susa.

Wata rana suka kai ta wurin Malama Asabe, ma'aikaciyar lafiyar garin. Ta ba su gidan sauro sabo fil, ta ce wa Cindo, "Ka kula da shi, kar ya yage." Cindo ya ninke shi, ya sa a akwati, ya datse kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Gari ya waye idon Uwani na hagu a rufe ruf. Tabawa ta ce, "Malam, ina gidan sauron?" Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ko zare bai fita ba."

Wata rana Malama ta ce masa sauro a ruwan da ya daɗe a ajiye yake ƙyanƙyasa, duk wanda ya gani a gida ya zubar. Cindo ya dawo ya fara da tsohuwar tayar da ke bayan ɗaki, to wannan madalla. Sai ya bi da randa, da tulu, da buta, da ruwan jiƙon geron Tabawa, duk ya tuttule a tsakar gida. Ruwa ya taru a kwari ya zama ɗan kududdufi. Bayan mako guda sauro suka yi taron suna a ciki, har da 'yan gayya.

Wata rana sauro ya ciji Uwani a ƙauri. Tabawa za ta kai niƙa, ta ce, "Baban Uwani, kar ka bari ta sosa." Ta dawo ta tarar ya riƙe hannun yarinyar duka biyu da hannu ɗaya, yana ta karta mata ƙafa da ɗayan, har fata ta ɗaye. Ta yi salati. Ya ce, "Wallahi ko sau ɗaya ba ta sosa ba. Ni ne." Sai da aka yi kwana biyar ana wanke miki.

Daga nan Malama Asabe ta gane irin mutumin da take magana da shi. Ranar da aka sake kawo Uwani da kumburi a damtse, ta ba da maganin ƙaiƙayi, ta ce a riƙa ɗora tsumma mai sanyi. Sannan ta ɗau biro ta zagaye kumburin. Ta ce, "Malam Cindo, dubi layin nan. In kumburi ya ƙetare shi, ko leɓenta ya kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ka kawo ta nan take. Ko me kake yi, bar shi."

Wata rana, wato washegari da la'asar, Tabawa ta tafi barka. Barau wanzami yana yi wa Cindo aski a zaure, Uwani na wasa a gefe, sauron kududdufi na zagaye ta. An aske rabin kai ke nan Cindo ya jawo hannunta ya duba. Jan ya ƙetare layi da faɗin tsinken tsintsiya.

Ya ce, "Ya ƙetare."

Barau ya ce, "Haba Cindo, cizon sauro ne fa! Mu nan da shi aka yaye mu. Tsaya in ƙarasa, a shafa mata man shanu."

"An ce ko me nake yi."

Ya saɓi yarinya ya fita a guje, mayafin aski a wuya, rabin kai fari rabi baƙi. 'Yan majalisar bakin masallaci suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce, "Cindo, ka bar rabin kanka wurin Barau!" Ko waiwaye bai yi ba.

Kafin ya wuce gadar fadama borin jini ya feso wa Uwani a wuya da ciki. Kafin ya isa asibiti leɓenta ya yi suntum, numfashinta na fito da ƙara. Malama ba ta tambayi komai ba, ta yi mata allura a cinya, ta zauna a kanta har numfashi ya daidaita. Sannan ta ce ba kasafai cizon sauro ke kai wa haka ba, amma in ya kai, ba ya jiran a gama aski.

Tabawa ta iso da mayafi a hannu. Ta dubi 'yarta tana barci, ta dubi kan mijinta. Ta buɗe baki za ta yi faɗan da ta saba, sai ta fasa.

Can ta ce, "Malam, jeka a ƙarasa maka askin."

Cindo ya gyara zama a kan benci. Ya ce, "Malama ce ta ce in bar shi. Ba ta ce in koma ba tukuna."