Tausayin Kifayen Yanbu

Shekarar da na gama jami'a, Yaya Bashir ya sayo tsohon jirgin ruwa ya girke a ƙofar gidanmu a unguwar Al-Sih. Ya yi wa surukinsa alkawarin yawo a tekun Yanbu cikin sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da ruwan teku na'urar take hucewa, don haka ya huda gindin jirgin, ya miƙo mini bakin tagulla mai kama da ludayi.

"Riƙe ta waje ya kalli gaba, ni zan ɗaure ta ciki."

Ina tsugune sai na tuna da ƙananan kifaye suna iyo abinsu, ludayin nan ya kwashe su. A hankali na juya shi baya. Ruwa ai ruwa ne, kuma na karanta kimiyya.

Ranar yawon, jirgi na ɗaukar gudu famfon da ke jawo ruwan ya zuƙi iska, mukayyif ya mutu. Suruki ya sauko jallabiyarsa sharkaf da gumi. Da na faɗi dalilina, Yaya ya nuna mini rariyar da ke jikin ludayin, wadda ko ɗan kifi ba zai ratsa ba.

Har yau in an soya kifi, Umma kan nuna ni ta ce, "Ku nemi izinin uwarsu tukuna."