Jigidata a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama malamar asibiti a Wara ba, ni da iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci.

Yayata Hajara ce ke fama da sankarar mama. Maganin farko ya yi aiki, daga baya ciwon ya dawo. Sai maƙwabta suka ce jifa ne, ita kuma ta rantse ba za ta koma asibitin Sakkwato ba. Hankalina ya tashi.

To, mijin 'yata ta fari likita ne mai bincike kan wannan ciwo. Amma ina ni ina tambayar suruki? Ko ido ba mu haɗawa. Sai na aiki yarinyar (sunanta ma ba na faɗa, kun san 'yar fari) ta tambayo mini abin da ke sa magani ya daina ci.

Ta dawo da bayani, na haddace shi kamar karatun allo. Wai a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai dogon zare na gado, a naɗe tsaf. A wasu masu sankara, guntu kan tsinke, ya haɗe baki ya zama zobe, ya koma gefe yana ta yawaita, yana umartar ciwon ya girma. In ƙwaya ta rabu biyu, ba a raba zobban daidai. Wadda ta kwashi da yawa takan fi ƙarfin magani.

Ranar sunan jikan Yaya, na shiga mota daga Yelwa zuwa gidanta a Wara. Na same ta kwance a ɗaki, ta juya wa bango fuska, mata na ta hidimar tuwon shinkafa a waje.

"Yaya, ba jifa ba ne. Tashi in nuna miki."

"Ke kuma yaushe kika zama likita?"

Na duba ɗakin, babu zare. Sai na sa hannu ƙarƙashin zani na kwance jigidata (e, da shekaruna, kada wanda ya tambaye ni). Na murɗa gefe guda ya yi zobe. "Kin ga wanga? Shi ne ɗan banzan." Na ƙara murɗawa don in fitar da na biyu. Tsohon zare ya ce tas! Duwatsun jigidar suka watse, suka gangara har ƙarƙashin labule.

Daidai nan aka yi sallama. Surukina ne, ya zo duba Yaya. Ya shigo kai a sunkuye, ya durƙusa gaishe mu, gwiwarsa ta sauka a kan duwatsun. Ya ɗauki ɗaya, ya duba, ya gane. Ni ga ragowar jigida a hannu, ga zani ya sassauta. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage.

Yaya, wadda ta yi watanni ba ta yi murmushi ba, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Likita, surukarka ce ke koya mini aikinka. Da kayan kwankwasonta!"

Bawan Allah bai ɗago ba. Ya ce wa tabarma, "Inna ta yi daidai. Ba kowane ciwo ke da zoben ba, sai an gwada. Amma masana sun gano shi, suna neman maganinsa. Kuma in wani magani ya gaza, akwai wani da za a jarraba."

Yaya ta share ido. "To, zan koma. Ko don kada wagga ta kwance wani abin kuma."

Ta koma, an sauya mata magani. Yanzu tana zama tsakar gida tana gyaran kifi, tana ba duk wanda ya shigo labarina. Surukina kuwa, da Sallah ya aiko mini da ƙwarƙwaron zare mai ƙwari, ba tare da wani saƙo ba.

Tun daga ranar, in zan yi wa'azi, sai na tanadi kayan aiki tun daga gida.