Jirgi Ba Ya Ɗaukar Jarka

"...ƙalau, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan? Mutuwa ta ɓatar da adireshinki ne?"

"Ta zo jiya ta tarar ina shara, ta ce bari ta fara da malalata. Na ba ta lambar wayarka."

Haka Lungelo da kakarsa Gogo MaShabangu suke gaisawa tun yana yawo ba wando. Ni maƙwabciyarsu ce a Katlehong, ranar kuwa na shigo aron sikari na tarar tana kwashe amagwinya, wato fanke, daga mai, sai na nemi kujera. Duk layinmu an san marigayi mijinta ya bar mata mako guda a wani gidan hutu na bakin teku a Margate. Ɗakin na mutane da yawa ne, kowa da makonsa, nata shi ne na ƙarshen Disamba. Kowace shekara takan dawo da jarkoki cike da ruwan teku, ta raba mana a kwalabe mu yayyafa a gida don korar tsiya. An kuma san Lungelo ya ƙwallafa rai sai ta musanya makon da makin otal, musanyar da ba a warware ta. Ni dai kwalbata nake ji.

Ya ajiye waya a gabanta. "Amaryata, ki ce musu kin yarda, shi ke nan. Su karɓi makon, su zuba mana maki."

"Maki? Jarrabawa na zauna? Kai da ka zauna, nawa ka kawo gida?"

"Makin otal, Gogo! Bana Cape Town, baɗi Zanzibar. A jirgi za ki tafi, a kawo miki shayi kina kan gajimare."

"Gajimaren ma zan je kansa kyauta idan lokaci ya yi. Otal ɗin mutum nawa yake ɗauka?"

"Biyu a ɗaki."

"Biyu! A Margate ka taɓa ƙirga ƙafafun da ke ƙasan falo? Ɗan tsako, samu ka ƙi dangi. Tukunyata mai ƙafa uku fa?"

"Ba a girki a can. Safiya na yi, abinci iri-iri a jere, ki ci har haƙorinki ɗayan nan ya nemi hutu."

"Haƙori ɗaya ne, amma nawa ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. To teku?"

Nan ya miƙe yana buga ƙirji. "Cape Town teku biyu gare ta! Ki zaɓi wanda ya yi miki."

"Madalla. Jarka nawa jirgin yake ɗauka?"

Ya sosa ƙeya. Ni kuwa dariya ta sa na ƙware da shayi.

"Gogo, ko kwalbar ruwan sha ƙwacewa suke yi a ƙofa."

"Mota mai fiffike da ke tsoron ruwa! Tasi ɗin Bab' Zwane da ke kai ni Margate jarka shida yake ɗauka, da ni, da kaza."

"Haba, ruwa ne fa da gishiri. Zan haɗa miki a kicin yanzu, in zuba yashin magina."

"To malamin kimiyya. Kwalbar lemon nan mai ruwan teku da yashi a gindi da ke kwance bayan motarka, miya za ka yi da ita?"

"Wannan... ta injin mota ce."

"Injin da aka yi wa wanka da ita ranar da za shi neman aiki? Na ga sawun jiƙaƙƙun ƙafafunsa har ƙofa."

Ya kai hannu faranti don ya rufe kunya, ta make shi da cokali. Amma yaron akwai taurin kai.

"Ki dai yi tunani. Maki suna da yawa, in dai an ci su kafin su mutu..."

"Au, mutuwa suke yi?"

"In an bar su suka daɗe."

Ta kashe murhu, ta juyo. Wallahi ban taɓa jin muryarta ta sauka haka ba.

"Kakanka direba ne. Shekara da shekaru yana kai 'ya'yan Bature bakin tekun nan, ya zauna a mota yana kallon allon da ya hana baƙar fata irinsa taɓa ruwan. Da aka tumɓuke allon, bai sayi mota ba, bai gyara rufi ba, ya sayi makon nan, ya ce a ga wanda zai ce masa tashi. Ya mutu, makonsa bai mutu ba. Shi zan bayar a ba ni abin da ke mutuwa da kansa?"

Lungelo ya ɗauki wayar, ya tura ta aljihu. Ya yi dariya, idonsa jawur.

"Tsohuwa, kin ci. Dama Zanzibar ɗin an ce sauro."

"Ƙaryar banza, ko taswirarta ba ka sani ba." Ta tura masa farantin gaba ɗaya, ta jawo babbar jarka daga bayan ƙofa ta dangwara masa a cinya. "Ungo makinka, angona. Bana kai za ka shiga har ƙugu ka ciko ta, ni ƙafafuna sun gaji. Kuma ka shiga a tsaye, kanka a sama, yadda kakanka yake shiga."