Ranar da na Tauna Maganin Inna

Mutanen gidanmu a Bodinga cewa suke iyayi ne ya ja ni. Ƙarya ne, tsoro ne. Zazzaɓi ya kayar da kakata Inna a shekarar tsada, ƙwaya huɗu kacal muka samo, ta kafe ba ta shan ɗaci.

Na ce mata a sakandare an koya mana ɗanɗano sai da hanci yake isa ƙwaƙwalwa. Na toshe nawa, na tauna ɗaya a gabanta. Ashe ɗaci aikin harshe ne. Na tofar, hawaye shaɓe-shaɓe.

Inna ta yi dariya har da tari. "Miƙo sauran, ɗiyata, kahin boko shi ƙare man magani."

Ta warke. Har yau in na shigo sai ta kama hancinta. Na daina fushi. Daga yau ni ma zan kama nawa, mu gaisa a haka.