Ranar da Na Haɗa wa Baƙin Alhaji Waifai

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe sabon ofishin Alhaji ba, kuma ko na so in manta, mutanen Karaye da Rogo sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Alhaji dillalin gyaɗa ne da taki a Karaye, ni kuma ma'aikacinsa, mai digiri a fannin kwamfuta (na ambaci digirin ne don kada a ɗora wa jahilci laifi, da ilimina na yi abin da na yi). Matsalar ofishin ita ce sabis ba ya shiga ciki. Baƙo zai zo daga Kano ko ƙauyukan Rogo, ana tsaka da magana sai ya fice gindin darbejiya yana ɗaga waya sama. Bayan na daɗe ina juya abin a raina, na ba Alhaji shawara a sa waifai, a buga lambar nan mai ɗigo-ɗigo a manna a bango. Baƙo ya haska ta da kyamarar wayarsa, shi ke nan ya shiga intanet, ba sai an karanto masa kalmar sirri ba.

"Zai yi aiki?" in ji Alhaji.

"Ina kyautata zato, ranka ya daɗe. Wato bisa yadda aka saba, in ba a samu wata matsala ba."

"E ko a'a?"

"Ya fi kusa da e."

A nan dole in shigo da wata magana. Alhaji yana da 'ya, Hafsatu, malamar makaranta ce. Na daɗe ina son ta, amma iyakar abin da na taɓa ce mata shi ne, "Ina gajiya, ya 'yan makaranta?" Shirina shi ne in fara nuna wa Alhaji ni mutum ne mai natsuwa, sannan in turo manya kamar yadda ake yi. Ban faɗa mata ba, ban faɗa wa iyayena ba. Wanda kawai na faɗa wa shi ne ɗan akwatin intanet ɗina na aljihu, wanda na raɗa wa suna "Angon Hafsatu Insha Allah". Saboda tsantseni, na ɓoye sunan yadda ba zai fito a wayar kowa ba. Kun dai ji aikin mai digiri.

Waya tana fitar da lambar ɗigo-ɗigon ne ta waifan da take kai a lokacin. Da na zo bugawa, ashe wayata tana kan akwatin aljihuna, ba na ofis ba. Kuma kada a ce ban gwada ba. Na gwada daga bakin ƙofa, na gwada daga lungu, na gwada da fitila a kashe. Kullum sai ta yi aiki, tunda abin yana aljihun rigata. Ina jin sunan ma yana fitowa a ƙasa, sai dai idona ya saba da shi. Na sa aka lulluɓe takardar da roba don ta daɗe.

Ranar buɗewa ofis ya cika da manyan baƙi. Aka yi addu'a, aka raba goro da lemo, sai Alhaji ya ce, "Injiniya, nuna musu abin naka." Na miƙe na yi jawabi a kan ci gaban zamani, har da cewa wannan tsarin ya fi kare sirri.

Wanda ya fara haskawa shi ne Malam Sabi'u, shugaban manoman gyaɗa daga Zoza ta ƙasar Rogo. Dattijo ne mai murya, kuma duk abin da ya fito a wayarsa a fili yake karantawa, ko da tallan kamfani ne. Ya gyara tabarau.

"An-gon... Haf-sa-tu... Insha Allah." Ya ɗago kai. "Af! Alhaji, ashe biki gare mu shi ne ba a faɗa?"

Wani daga garin Fulatan ya haska, ya ce haka ne. Na Beli ma ya tabbatar. To kun san mutanenmu, ba a jin maganar aure a yi shiru. Kafin Alhaji ya buɗe baki, "Allah ya sanya alheri" ta cika ɗakin, wani liman har ya ɗaga hannu.

"Wane ango?" Alhaji ya tambaya, idonsa a kaina.

"Ranka ya daɗe, mai yiwuwa daga kamfanin da ya ƙera na'urar ne. Wani lokaci sukan zo da suna."

"Ikon Allah," in ji Malam Sabi'u. "Har can ƙasar waje an san Hafsatu."

Har a lokacin babu wanda ya san ko wane ne angon, kuma da na zauna shiru wataƙila da na tsira. Sai na ce zan je in yi alwala (da sauran lokaci sosai kafin azahar). Ban kai ga buta ba na ji ana kira, wai intanet ya ɗauke. Ina dawowa ya dawo. Malam Sabi'u ya dube ni, ya dubi wayarsa.

"Ɗana, ɗan koma bakin ƙofa."

Na koma.

"Ƙara gaba. Ƙara. Yauwa, ango ya tafi. To dawo." Na tako a hankali. "Jama'a, ango ya dawo!"

Sai da ya sa na sake zuwa da dawowa, wai don na baya su gani. Daga nan na ciro akwatin daga aljihu da kaina. Na ce bari in kashe shi in gyara, Alhaji ya ce a'a.

"Zauna nan tsakiya, kada ka motsa. Baƙina suna amfani da kai."

Haka na zauna riƙe da shi har aka watse. Duk wanda zai fita sai ya ba ni hannu ya ce, "Ango, Allah ya nuna mana."

Da muka rage mu biyu, na fara haɗa kayana a zuci. Alhaji ya dubi takardar da ke bango.

"Gidanku babu manya ne?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"To su ake turowa. Ba a manna irin wannan magana a bango."

Washegari na haɗu da Hafsatu a ƙofar gida, ba hanyar kaucewa. Na ce, "Ina gajiya, ya 'yan..."

"Malam Injiniya," ta katse ni, "na ji har Zoza an yi mini fatan alheri. Duk Rogo sun sani, ni kaɗai ce ba a sanar wa ba. Ko ni ma sai na zo na haska?"

Na faɗa mata da bakina a wurin, a tsaye, gumi har cikin takalmi. Ta ce ta ji, a turo manyan. Sun je, kuma an karɓe su da mutunci, bayan an gama dariya.

Abin da na koya, in ban yi kuskure ba, shi ne ka gwada irin wannan lambar da wayar wani, kai kuma ka yi nisa da wurin. Sannan maganar da kunya ta hana ka faɗa wa mutum, kada ka faɗa wa na'ura, don ita ba ta san suruki ba.