Akwatin Baba da Yatsan Baffa

"Da yatsa ɗaya zan juya gidan nan, ko ina bangon duniya!" in ji Baffa, ƙanin mahaifina, wanda muke kira Injiniya Na-Sani. Ɗan'uwa, mutumin da ko batir ya saka a tocila sai ya juya shi.

Kafin Baba ya rasu, ya haɗa wani ɗan akwati a falo. Shi ke kunna fitilu da injin ruwa, ba ruwansa da intanet. Ka ɗora yatsa a ƙofa ta buɗe, muryar Baba ta gaishe ka, kowa da tasa gaisuwar. Tawa ita ce, "Ka dawo, ɗan Baba?" Wata biyar ke nan ina fita ba dalili, don dai in dawo.

Baffa bai taɓa jin tasa ba, don kullum a buɗe yake tarar da ƙofa, lokacin cin abinci.

"Wannan akwatin tsohon yayi ne," ya ce. "Yanzu kwamfutar kamfani ce ke ba da umarni daga can nesa, ta waya. Gobe zan goge shi."

"Har muryar?" na ce.

"Murya ce za ta buɗe maka ƙofa daga ƙasar waje?"

Mama ta ce, "In naka ya yi aiki yini ɗaya, ka goge."

Ya cire akwatin, ya haɗa nasa, ya tara maƙwabta a titi, har da Mama. Ni na zauna ciki ina leƙe ta taga, akwatin a cinyata.

"Ku kalla!" Ya latsa wayarsa, ƙofa ta kulle. Ya latsa, injin ruwa ya tashi. Aka yi tafi, Baffa ya kumbura kamar talotalo.

Sai sabis ya ɗauke.

Ya latsa. Shiru. Ya ɗaga waya sama, ya hau dutse, ya tsaya da ƙafa ɗaya.

Wani tela maƙwabcinmu ya ce, "Injiniya, ko ka matsa bangon duniyar ne ka gwada?"

Tanki ya cika ya fara ambaliya. Baffa ya kama katanga zai haura, ruwa ya sauko masa a ka, wando ya maƙale a ƙusa, ɓaaar! Ya dawo ƙasa da rabi, katanga ta riƙe rabi.

Mama ta ƙwala mini kira: "Kai, mayar da na mahaifinka!"

Na jona. Injin ya tsaya. Baffa, jiƙe sharkaf, hannu ɗaya a bayan wando, ya ɗora yatsan nan nasa mai juya duniya.

Ƙofa ta buɗe. Muryar Baba ta fito tangaram, har titi, da dariyar nan tasa a ƙarƙashi:

"Ga ƙanina ya iso. Jama'a, a ɓoye duk abin da ke aiki!"