Rasuwar Sifirin Ɗin Bindigar Osvald Hedlund

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Osvald Hedlund na ƙungiyarmu ta masu gasar harbi a bayan garin Arvika yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar sifirin ɗin ƙaramar bindigarsa. Marigayin ya cika ne ranar Asabar da hantsi, a tsohon ramin tsakuwar da muke harbi, bayan doguwar jinya wadda mai shi ya yi ta musun akwai ta.

Wanda bai san marigayin ba, ba laifinsa ba ne, don bai taɓa son nuna kansa ba. Nannaɗaɗɗen ƙarfe ne mai motsewa ya miƙe, a cikin bindiga yake zaune, ƙarƙashin murfin nan da ke zamewa baya idan an yi harbi. Shi ke tare murfin, ya bar kwanson harsashi ya fice, sannan ya maido murfin mazauninsa da sabon harsashi a baki. Sifirin in ya cika tauri, banko murfi yake yi, bakin bindiga ya duƙa, kwanso ya faɗo maka a kan takalmi. In ya cika laushi, murfin ya yi ta dukan jikin bindiga, kwanso ya yi tafiyarsa kamar an kore shi. Marigayin ya tsaya tsakiya, bai zaƙe ba, bai yi ragwanci ba.

Osvald zai so a ce shi ya zaɓe shi, amma kowa ya san Gunvor ce, matarsa. Ita ba ta harbi, ƙarar ma ba ta so. Tana biyo shi ne don tsince kwanso, saboda yana sake cika su a gida, gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da yi masa tawaye. Wurin tsayuwarta ɗaya ne, bayan kafaɗarsa ta dama, kusa da wani kututture, da jan bokitin da take zuwa tsinkar 'ya'yan itacen daji da shi. A lokacin Osvald ya addabi kowa da gwaje-gwaje, yau sifirin mai ƙarfin laba goma, gobe mai goma sha huɗu, jibi ya canza sandar da ke cikinsa. Wata rana ta miƙe riƙe da ƙugu ta ce, "Kai sarkin gwaji, ni ba kaza ba ce da zan yini ina tsince-tsince. Ka gaya wa bindigar nan taka inda nake tsaye."

Mako na zagayowa ta zo da filayarta ta kicin. Ta karɓi sifirin mai laba goma sha uku, ta datse rabin zagaye, ta ce, "Mayar, ka harba." Ya harba, ta sake datsewa. Haka suka yi har kwanso ya tashi ya faɗa cikin bokitin, ting! Ta ce, "Yawwa. Ka ƙara taɓa shi ka gani." Ko sa'a ce ko mene ne, daga ranar saitinsa ya riƙa komawa daidai bayan kowane harbi. Bai taɓa cin kofi ba, kada a yi wa mamaci ƙarya, amma ya daina zuwa na ƙarshe.

Wannan ne lokacin zafi na ƙarshe da Gunvor ta gani. Da ƙanƙara ta narke Osvald ya dawo fili shi kaɗai, ya ajiye bokitin a jikin kututturen, ya harba. Cakas, in ji murfin. Ting, in ji bokitin. Ba kowane kwanso ke shiga ba, amma akasari suna shiga, kuma kowane ting yana gaya masa akwai wani a bayan kafaɗarsa. Ba ya waiwayawa.

Ciwon ajali ya fara ne a hankali. Kwanso ya soma dukan gefen bokitin, daga baya ya riƙa tsallake shi. Osvald ya ɗora laifin a kan sanyi, ya ɗora a kan albarushi. Sixten Malm, alƙalin filinmu, wanda suka taso tare, ya kasa haƙuri.

"Tsoho, sifirin ɗin nan ya gaji," in ji Sixten. "Kowa yana canza nasa, kai ka riƙe naka sai ka ce gonar gado. Zai fasa maka bindiga, wallahi."

"Iska ce."

"Wace iska? Ko ganye bai motsa ba! To in ba za ka canza ba, matsar da bokitin can mana."

Osvald ya ce, "Ba a can take tsayawa ba."

Sixten, mutumin da bakinsa ba ya mutuwa, ya sosa ƙeya ya tafi duba allunan saiti da babu abin da ya same su.

Ranar Asabar, ana tsakiyar gasar ƙungiya, murfin ya tafi baya bai dawo ba. Ƙis kawai aka ji. Sixten ya sa aka sauke harsasai kamar yadda doka ta ce. Da aka buɗe, marigayin ya karye biyu. Osvald ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun ƙirji, ya zauna a kan kututturen. Bai yi kuka ba, amma ranar ya sake yin rashi, kuma duk mun gani.

Marigayin ya bar mata ɗaya, sandar ƙarfen da ya ƙare rayuwarsa nannaɗe a jikinta, lafiyarta ƙalau sai ɗan karce. Ya bar bindigar, da tabon duka a cikinta wanda Sixten ya yi alkawarin ba zai yi gori a kai ba. Ya bar ƙane guda, wani sifirin sabo fil a leda, wanda Sixten ya daɗe da saya yana yawo da shi a mota. Ya bar filaya, da jan bokiti, da tsoho ɗaya.

Sixten ya nemi su zauna su datse sabon har ya koyi hanyar bokitin. Osvald ya ɗauki filayar, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya mayar aljihu. Ya ce, "Bar shi, ɗan'uwa. Wancan ita ta gaya masa inda take tsaye. Wannan in na datse, ni ne zan riƙa yi wa kaina magana."

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a gindin kututturen. Akwai gahawa da burodin kirfa, kowa ya zo da kofinsa da abin toshe kunne. Ba a buƙatar furanni. Bokitin ba zai halarta ba, ya koma kicin. Bayan an rufe ƙasa, Osvald zai yi harbi guda da sabon sifirin, yadda ya fito daga leda.

Iyalan mamaci suna roƙon alfarma ɗaya. Duk inda kwanson ya faɗi, kada kowa ya taya shi ɗauka, ko da an ji gwiwoyinsa suna ƙara. A bar shi ya sunkuya da kansa. In ya daɗe bai ɗago ba, kowa ya kalli kofinsa.